Durƙuso Biyu a Kan Tafkin Togo

Tokwan, Lome
Lahadi da hantsi

Ya Selom,

Ya sanyin idona, inuwar kwakwata a tsakar rana, iskar teku mai shigowa ta taga lokacin da zafi ya sa bango gumi! Ya ruwan farkon damina, ya zumar da ta sa na manta ɗanɗanon sukari, ya babban sakaran da Allah Ya taɓa jarabtar wata mace da son sa! Gaisuwa gare ka daga Delali wadda ka sani, wadda kuma yanzu rabin Lome suka san fuskarta, albarkacinka.

Ƙanwarka ta tare ni a ƙofar asibiti na tashi daga aiki a ɗakin haihuwa. Ta ce ka rufe shago, firjin mutane sun yi layi a bakin ƙofa ba mai gyarawa, kai kuwa kana kwance kana kallon rufin ɗaki kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ta kama hannuna, ta kira ni Da, yadda muke kiran yaya mace, ta ce, "Da Delali, ki ji tausayinsa mana, duk ya rame." Na ce mata madalla. Tun da na sauka daga kwalekwalen nan ba ka kira ba, ba ka aiko ba, ba ka ko gifta ta layinmu ba. To, ni bari in yi magana, tunda kai bakinka ba ya buɗewa sai an raɗa maka abin faɗi daga baya.

Ka tuna yadda ka gayyace ni? Kana sosa ƙeya, hannunka duk baƙin mai, ka ce, "Mu je Agbodrafo mu huta, mu biyu kaɗai." Mu biyu kaɗai! Na ɗauki kalmomin nan na rataya a wuya kamar sarƙa. Na roƙi hutu, na yi musayar aiki da wata ungozoma, na zauna aka yi mini kitso har gadon bayana ya ƙage. A cikin mota ina kallon itatuwan kwakwa suna wucewa, ina jin kafaɗarka a jikin tawa, ina cewa a raina duniya ta gama biya mini.

Sai ga gidan. Kai, wannan gida! Sheƙar Kurciyoyi, haka aka rubuta da Faransanci a kan allo mai launin hoda. Allah Ya shimfiɗa tafki a gabansa, lumui kamar an zuba man ja a faranti idan rana ta karkata, Ya ajiye teku a bayansa yana ruri tsallaken titi, Ya jera balbelu a kan turakun masunta, amma Madam Ayoko mai gidan ta duba duk wannan ta ga bai isa ba. Ta watsa furannin roba a kan gado. Ta murɗe tawul biyu suka zama agwagi suna haɗa baki. Madubi siffar zuciya, tabarmar ƙofa siffar zuciya, har sabulun wanka bai tsira ba. A bakin ruwa ta ɗaura lilo, ta shafa farin fenti a ƙasa inda masoya za su tsaya hoto ya fito da kyau. Ta tarbe mu da murmushin da take yi wa kowa, ta ce, "Tattabaruna, kun zo gida, a nan soyayya take kwana." Kwana take yi kam, Selom, don ni ban gan ta a farke ba. Na ga wani ƙaton mai tumbi da yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, yana cin kaguwa tana danna waya. Na ga wasu biyu da suka wuni ba su ce wa juna uffan ba, amma da an ɗaga waya sai su manne kumatu su yi dariya, a sauke waya kowa ya maida fuskarsa inda ya ɗauko ta. Na taɓe baki na ce a raina: mu dai ba irinsu ba ne. Ashe dariya ƙaddara take yi mini.

Amma safiyar Asabar, ya hasken raina, safiyar Asabar! Ita ce ta hana ni yage wannan takarda. Muka tsallaka titi da tsohon layin dogo muka gangara bakin teku, ba kowa sai masunta can nesa suna jan koma suna waƙa. Muka sayi ablo mai zafi, wainar masarar nan da ake turarawa, da soyayyen kifi wurin wata tsohuwa, yaji ya sa ka hawaye kana rantsuwa ba ya da zafi. Igiyar ruwa ta zo ta sace maka silifa ɗaya, ka bi ta da gudu kana yi mata magiya kamar mai bin ɓarawo a kasuwa, ka dawo jiƙe sharkaf, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Na yi dariya har na zauna a yashi. Ka zauna kusa da ni, gishiri yana bushewa a girarka, ka dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarka. Ka ce, "Delali." Na ce, "Na'am." Ka buɗe baki, ka rufe, ka ce, "Ba komai, sai an jima." Wayyo, Selom! Da ka ƙarasa a nan, da yashi a wandonka da warin kifi a hannunka, da ban bari ka kai ƙarshen tambayar ba. Me ya rage a wurin nan? Wace kalma ce ta fi ƙarfin bakinka? Ashe an riga an tsara maka lokaci, an ce ka jira hasken yamma.

Da la'asar ka ɓace, ka dawo cikin farar kwat wadda hannuwanta suka rufe maka yatsu, da takalmi mai tsini yana cizon ka. Namijin da na sani da faɗin ƙirji kamar ƙofar coci, ga shi ya koma balbela mai ciwon ƙafa. Aka ɗora mu a kwalekwale an ɗaure masa balan-balan. Na haɗiye dariyata, na ce ai don ni ya yi, in yi haƙuri. Muna kaiwa tsakiyar tafki sai wani kwalekwalen ya fito daga cikin ciyayi: amininka Fo Anani a tsaye da baƙin tabarau, da mai ɗaukar hoto, da wani mai busa ƙaho, ga ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama yana kuka a kanmu kamar ƙaton sauro. Mu biyu kaɗai ke nan! Fo Anani, mutumin da mata biyu suka tattara kayansu suka bar masa gida, shi ne malamin soyayyarka. Shi ka je ka tambaya yadda ake magana da ni, ni da ka sani tun ina ɗalibar asibiti mai ɗinkakken takalmi.

Ka durƙusa, kwalekwale yana tangaɗi. Ka fito da zobe. Ka fara jero Faransanci, kai da ba ka taɓa ce mini ko sannu ba sai da Mina, harshen da uwayenmu suka yi mana rarrashi da shi. Kana tuntuɓe a kan kalmomi, Fo Anani yana jefo maka su daga baya. Duk da haka, ka ji abin da son ka ya mai da ni: na daina jin ƙaho, na daina ganin tabarau, na ga hannunka kawai, hannun nan mai tabon ƙuna a babban yatsa. Idona ya cika. Amsar ta taso daga cikina, ta iso maƙogwaro, ta hau harshe.

Sai Fo Anani ya daka tsawa: "Tsaya, tsaya! Gajimare ya rufe rana, fuskar Delali ba ta fito a hoto ba. Selom, tashi a sake. Da Delali, riƙe hawayen nan, kar ki share!"

Na dube ka. Na jira ka juya ka ce masa ya rufe mana baki. Na jira ka ture shi cikin ruwa da tabaransa. Kai kuwa, ya muradin raina, ka miƙe. Ka maida zoben cikin akwatinsa. Ka kakkaɓe gwiwar wandon aro, ka tsaya kana kallon sama kana jiran gajimare ya wuce, sannan ka sake durƙusawa, ka sake faro daga kalmar farko.

Na ce, "Selom, wa kake tambaya, ni ko su?"

Ka ce, "Yi haƙuri, yanzu za a gama."

Yanzu za a gama! Kamar mai yi wa yaro allura! Na juya ga mai tuƙin na ce, "Baba, kai ni gaɓa." Ya dube ka, ya dube ni, ya tsoma filafilinsa. Ban ɗauki komai daga ɗakin agwagin nan ba sai jakata. Na tsaya bakin titi na tare motar haya, na zauna tsakanin kwandon tumatir da wata mata mai goyo, na yi kukan da ba wanda ya ce in riƙe.

Ka san abin da ya biyo baya? Ran Talata ina shiga aiki mata suka yi mini caa da guɗa. Aka miƙo mini waya. Ga ni nan, ido cike da hawaye, ga ka a durƙushe, ga tafki ya yi ja, an ɗora waƙa mai taushi, an yanke daidai inda ya kamata a yanke. A ƙasa an rubuta: ta amince, a Sheƙar Kurciyoyi. Madam Ayoko tana tallan ɗakunanta da hawayena! Wata mai naƙuda ta ɗago kai tsakanin ciwo da ciwo ta ce, "Tanti, ba ke ce ta cikin kwalekwale ba?" Ashe fuskar tawa ta fito sarai. Duk Lome ta ji na amince, ban da ni da kai.

Na san abin da ya kai ka, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Tun ranar da ka zo ɗaukata a kan babur ka ga wani likita ya tsaya da motarsa yana yi mini magana, ka shiga auna kanka da ma'aunin da ba ni na ba ka ba. Ka ga kai mai gyaran firji ne, sai ka yo aron kwat, da aron harshe, da aron tafki, kafin ka isa ka tambaye ni. Wa ya gaya maka? Wa ya raina mini kai haka, in ba kai ba? Ni da na zaɓe ka ido buɗe, na bar masu ƙamshin turare na bi mai ƙamshin man inji! Mutumin da ya goya mahaifiyata a bayansa ya tsallaka da ita ruwan da ya cika layinmu, wanda yake rera waƙar coci da muryar da ke korar kaji, wanda in ya yi dariya nake jin kamar an buɗe duk tagogin gida: wannan mutumin ka ɓoye mini a cikin farar kwat, ka turo mini ɗan wasan kwaikwayo. Wanda ya durƙusa a tafkin nan ban san shi ba, ba na son sa, ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba. Nawa nake nema. Ina ka kai shi?

Saboda ina kewarsa, Selom, kewar da ta hana abinci ɗanɗano. Ina jin ƙarar babur a layi sai in miƙe kamar an tsikare ni. Ina kama jariri sabon haihuwa, ina duba 'yan yatsunsa, sai tunanina ya gudu inda ban aike shi ba. Ina jin haushinka da safe, ina jin haushinka da rana, kuma duk haushin nan bai rage ko cokali ɗaya daga son da nake maka ba. Wannan wace irin cuta ce, da ni ma'aikaciyar asibiti ban san maganinta ba?

To, saurara. An ba ni canjin wurin aiki zuwa Dapaong, can ƙarshen arewa, ana jiran amsata kafin wata ya ƙare. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Tashi ka yi wanka, ka ci abinci, ka buɗe shagonka ka sallami mutanen da kifinsu ke ruɓewa saboda kai. Ka je ka sa matar nan ta sauke fuskata daga tallanta. Sannan ka zo, kai kaɗai, da ƙafarka da bakinka. Kar ka zo da fure. In na hango ko inuwar Fo Anani a bakin layi, ruwan wanke-wanke zai sha. Ka same ni a duk yadda ka same ni, ko ina tuƙa akume ne, tuwon masararmu, fuskata na maiƙo, ka faɗi abin da ke ranka da harshen gidanku, ko da zai fito a karkace. In ka ji amsa, sai ka tura kawunnanka su ƙwanƙwasa ƙofar mahaifina a Tsebiye kamar yadda ake yi.

In kuwa kunya ta fi maka ni, zan hau motar arewa, kuma ka sani ba wanda zai gaje ka. Zan tsufa a can ina karɓar haihuwar 'ya'yan wasu, ina tsine wa farar kwat, ina son ka.

Abu ɗaya ya rage, wanda na so in gaya maka baki da baki. Tun bara, tun kafin ka san akwai wani gida a bakin tafki, na shiga kasuwar Asigame na sayi turmin atamfa biyu iri ɗaya, shuɗiya mai zanen ganye. Suna ƙasan akwatina. Tawa an riga an ɗinka. Tela awonka kawai yake jira.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe ta da ƙasa, mai jin haushinka da dukan zuciyarta,

Delali