Wa Ya Binne Su?

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Maryam da yara. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Nan Dala kowa lafiya, Hajiya ma ƙafar ta yi sauƙi.

Fim ɗin nan da ka dame mu mu kalla, na Turawan zamanin da masu zuwa a jirgin ruwa su ƙone gari, to mun kalla, kuma ka ja mana. Ranar Juma'a bayan la'asar muna falo da ƙannenmu, Auwalu na cewa jarumai ne, Nura na cewa ɓarayi ne kawai masu kitso. Mun manta Inna Rabi, matar marigayi Kawu Isa, tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, suka kashe Kawu, ta dawo wurinmu, ba ta taɓa ba da labarin ba.

Da aka nuna maharan sun koma jirgi suna waƙa, sai ta ce, "Wannan fim ƙarya ne. Masu fim sun bi masu tafiya. Waɗanda ke kwance fa, wa ya binne su?"

Auwalu ya ce, "Inna, ai ba a nuna wannan."

Ta ce, "A ƙauyenmu mu mata muka haƙa kaburbura, da fartanya. Ba namiji ko ɗaya da zai yi musu salla."

Nura ya kashe talabijin. Tun ranar Inna ba ta cin abincin kirki.

Don Allah kada ka turo ci gabansa. Ka gaida kowa, ka sa Inna a addu'a. Kawu ma ka roƙa masa gafara, don sai yanzu muka san ba a sallace shi ba.

Ƙanwarka,
Hadiza