Ni da Ƙwayar Yis

Adjamé, Abijan
9 ga Maris, 2009

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna, yaya Balaraba da yara? Umarninka na in dawo Zariya tsaron shagon taki ya iso. An karanta shi a tsaye, an kuma ƙi shi cikin ladabi.

Wanda ya ce muku gyaran DVD kawai nake yi a kasuwar Black Market ya rage mini muƙami. Ni ke ciro fitilar leza daga matattun na'urori in kai wa Dakta Iklima, Bahaushiyar unguwar Treichville mai koyar da kimiyya. Da siririn hasken nan take kama ƙwayar yis ɗin burodi guda ɗaya cikin ɗigon ruwa, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ja ta inda ta so. Ran Talata ta ce, "Tonton Sadi, vas-y, kai ma ja." Wato "Kawu Sadi, bismilla" da Faransanci. Na ja, ƙwayar ta biyo ni. Yaya, tun da aka haife ni ba abin da ya taɓa yi mini biyayya haka.

Batun ido kuwa an zuzuta. Sau ɗaya na leƙa hasken ba tabarau, wani baƙin ɗigo ya tare a na hagu, bai da niyyar tashi. Na dama yana aikin mutum biyu ba ƙorafi.

Taki zai sayu ko ba ni. Ku aiko da daddawa da addu'a. Kada a gaya wa Inna batun idon. Idan na zo Sallah, a shimfiɗa mata tabarma ta hannun damana.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Sadi