Kujeru Tara da Ba a Ƙirga Ba

Titin Dorsey, Detroit
4 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Ernestine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Alton da yara. Sanyin Alaska ya fara leƙowa ne? Yaya gwiwar taki? Ubangiji ya ƙara sauƙi, ya tsare ku. Mu dai muna nan. Jikarki Shanelle ta fara tafiya, har ta fasa mini faranti biyu. An gama gyaran rufin coci. Ƙaninki Rufus yana cin abinci, yana shan magani, yana zama a baranda. Ya hana ni in kira ki, wai ba ya son a ɗaga miki hankali daga nesa. Bai ce kada in rubuta ba, shi ya sa kika ga wasiƙa.

Yaya, an soke masa aji ɗaya. Kin san shekara ashirin da shida ke nan yana koyar da tarihi a Kwalejin Titin Marrow, ba su taɓa ba shi aikin dindindin ba, zango-zango suke ɗaukarsa. In yana da aji biyu a zango, yana da inshorar lafiya. In ya koma ɗaya, babu. Aikin zuciyar da likita ya sa masa ranar ashirin ga Oktoba a kan wannan inshorar yake, ita kuwa ƙarshen watan nan za ta yanke. Gidan wankin da nake aiki ko ƙwayar ciwon kai ba sa ba mutum. Shekararsa sittin da biyu, saura uku ya kai ga inshorar gwamnati.  Tun ranar da aka soke ajin ban yi kuka ba. Ji nake kamar yadda leɓe yake yi bayan allurar likitan haƙori, kina taɓawa kin san naki ne, amma ba kya jin komai.

Dokarsu ita ce aji ba ya tsayawa sai da mutum goma sha biyu. Ajinsa na farko ya cika. Na biyun, Tarihin Garinmu, na Talata da Alhamis ƙarfe huɗu, saura kwana goma a rufe rajista mutum bakwai ne a ciki. Ban ga laifin yaran ba. Darasi ɗaya yanzu dala ɗari huɗu ne ban da littafi, yaron da ke juya nama a gidan abinci kuwa in zai biya, lissafi ko aikin jinya zai biya wa, ba labarin kakanninsa ba. Ke kin shiga kwalejin lokacin da ko sisi ba a biya. Ke kika riƙa kai wa Mamanku abinci a kwano sa'ad da ita da matan unguwa suka zauna kwana goma sha ɗaya a cikin tsohon kantin kayan ɗakin nan, suka ƙi fita sai da hukuma ta yarda a mai da shi kwaleji. Rufus ya ce shekarar da ya fara aiki ɗalibai dubu goma sha takwas ne, layin rajista har kwanar gidan mai. Yanzu ba su kai dubu biyar ba, hawa na uku ma an kulle shi.

To, sai ni mai dabara na tuna cewa duk wanda ya kai shekara sittin ana ba shi kujera kyauta. Ranar Lahadi bayan sujada na miƙe a gaban jama'a na faɗi halin da muke ciki. Dikin Purvis, dattijon cocinmu, ya ce shi da ya bar makaranta a aji takwas saboda malama ta tsane shi, yanzu da furfurarsa zan mai da shi? 'Yar'uwa Lottie ta ce masa ba malama ce ta tsane shi ba, karatu ne, kuma har yau bai huce ba. Aka yi ta dariya. Kafin a watse na sami mutum tara, har da Mama Odessa, ƙawar Mamanku, wadda suka yi zaman kantin tare. Shekararta tamanin da shida.

Litinin na kwashe su a motar coci muka tafi. Rajistar duk a kwamfuta ake yi yanzu, don haka ni na zauna ina cike wa kowa. Akwai wani ɗan gurbi da ake dannawa in mutum yana son kujerar kyauta. Da aka zo kan Mama Odessa sai ta buɗe jakarta ta zaro ambulan, ta ce ita biya za ta yi, ba ta saba zama a kujerar da ba ta biya ba. Yaya, da hannuna na rufe mata jakar. Na ce haba Mama, ke da kika kwana a simintin gidan nan ke za ki biya, mayar da kuɗinki. Dikin da wasu uku su ma suka ce in dai biya ne za su iya, na ce kada wanda ya ɓata ko kwabo, abin da aka ba mu kyauta don me za mu saya. Na danna musu kyauta su tara. Allon ya nuna sha shida. Ran nan kifi na soya da burodin masara, Rufus ya ci har da ƙari, yana cewa zai ba Dikin sifili tun ranar farko don a san juna.

Juma'a ƙarfe biyar aka rufe rajista. Litinin da safe saƙo ya shigo masa cewa an soke ajin, ɗalibai bakwai. Na ce kuskure ne, na sa takalmi na tafi ofishin. Yarinyar da na tarar mai ladabi ce, ashe ma tsohuwar ɗalibarsa ce. Ta ce kujerar kyauta ba a ƙirga ta, sai masu biya sun tsayar da aji sannan a ba tsofaffi abin da ya rage. Ta nuna mini inda aka rubuta, can shafi na arba'in da wani abu. Na ce to mutum biyar za su biya yanzun nan, kafin azahar kuɗin na hannunta. Ta ce an rufe tun Juma'a, an ba da ɗakin, yaran bakwai an raba su wasu azuzuwan. Ta kira shugabanta a gabana, amsar ba ta canja ba. Sai ta fashe da kuka. Ni na ba ta hankici, na ce ta yi haƙuri, na fito na hau bas.

Tsofaffin kuwa ba wanda ya sani, don ta akwatin saƙon kwaleji aka aika musu, wanda ba wanda ya taɓa buɗewa a cikinsu. Ni kuma na kasa ɗaga waya. Talata ƙarfe uku da rabi na je na tsaya a ƙofar ajin. Suka zo da kayan Lahadi, matan da hulunansu, kowa da sabon littafin rubutu. Dikin har da tuffa ya riƙo wa malam, wai cin hanci. Na yi musu bayani a tsaye, murya lau, kamar mai karanta sanarwar coci. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Mama Odessa ta ce in sake faɗa mata a hankali: su tara, da aka ƙirga, sun tashi nawa? Na ce babu. Ta gyaɗa kai, ta ce ranar da 'yan sanda suka zo fitar da su daga ginin nan sai da suka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta ashirin da uku, Mamanku ta ashirin da huɗu. Daga nan ta ce wa Dikin ya kawo mota, ƙafarta ta gaji.

Rufus bai san sun nemi biya na hana ba. Abin da ya sani kawai matarsa ta tara masa mutum tara, doka ta ƙi su. Jiya ma ya riƙe hannuna yana cewa ba macen da za ta yi masa abin da na yi. Na ce masa ya sha shayinsa kada ya huce. Wata ma'aikaciya a asibiti ta ce akwai takardun neman taimako da za a cike, amma aikin ba zai yiwu a Oktoba ba, wataƙila sai bayan sabuwar shekara, likitan kuwa da bakinsa ya ce ba ya son a wuce Nuwamba. Rufus ya ƙi zuwa ya cike, wai shi ba mabaraci ba ne. Kin san kan ƙaninki. Ke kaɗai yake jin maganarki, shi ya sa nake roƙonki ki zo kafin watan nan ya ƙare. Na gyara miki ɗakin baya.

Akwai kuma abin da nake so ki zauna kusa da ni in na zo faɗa masa. Da na dawo gida ranar Talatar, na sa hannu a aljihun rigata zan ɗauko makulli sai na ji takarda. Ambulan ɗin Mama Odessa ce, ban san lokacin da ta cusa mini ba. Ban buɗe ba. A bayanta ta rubuta “Ajin Rufus” da irin rubutun nan nata mai karkata, da kwanan watan ranar da na rufe mata jaka. Tana cikin durowar cokula, ƙarƙashin tawul. Kullum sai na buɗe durowar sau goma.

Ki gaida Baba Alton, da Corliss da mijinta, da ƙaramin Alton in ya dawo daga teku. Shanelle da uwarta suna gaishe ku. Ki taho da rigar sanyi mara nauyi, da yamma iska ta fara kaɗawa. Ubangiji ya kawo ki lafiya.

Taki,
Verna