Kwikwiyon Rugar Samba

Dakoro, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Ta-Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya aiki, yaya haƙuri da masu naƙuda? Yaya gwaggonki Dela da ciwon gwiwarta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An gama yankan hatsi, bana an samu daidai gwargwado. Tumakina huɗu suna nan, suna cin harawa suna hararata.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, ga salula a aljihun kowa. To salular ce ba ta yi mini. Da na ji muryarki sai in tambayi zafin Damagaram, in tambayi aiki, in ce to madalla, in kashe. Sai na aje ta kana maganar da na kira dominta ta dawo ta same ni zaune. Takarda kuwa ba ta kallon idon mutum.

Dela ta gaya mini ƙarshen watan nan za ki tafi Dakar ƙarin karatun ungozoma, har shekara biyu. Allah ya sa albarka. Da na matsa mata, ta ƙara da cewa ba ki da niyyar biyowa ta Dakoro. Ban ga laifinki ba. Shekara uku ke nan rabonki da gidan nan, tun zaman makokin mahaifiyarki, kuma ban manta yadda kika fita ba. Kina ɗaukar jaka, ni ina bayan gida ina kwance igiyar tunkiya ina sake ɗaurewa, igiyar da ba abin da ya same ta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Zan kawo kare gida. Ki yi dariya in kin ga dama, Mamani maƙwabcina ya riga ki, ya ce tsufa ya zo mini da sabon salo. Na ce masa don gadin tumaki ne, kuma haka zan gaya wa duk wanda ya tambaya.

Kin tuna 'yar kwikwiyar da kika ɓoye bayan rumbun kakarki Inna a Mai Yara, kina shekara takwas, kina raba furarki da ita? Inna ta gano, ta jira na zo, ta ce tunda ni ne likitan dabbobi in raba gidanta da ita. Na sa ta a jakar babur na tafi. Kin tsaya ƙofar gida kina kallona. Na san kin ɗauka daji na jefar da ita. Ban jefar ba. Rugar Samba na kai ta, wani makiyayi abokina da ke zaune bayan Korahane. Ta girma a can, ta yi ta haihuwa, ta mutu da tsufa. Karyar da ke rugar yanzu jininta ce. Ta haifi biyar, sun kai wata biyu, Samba ya aiko in zo in zaɓa. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da labarin nan, ban san abin da ya hana ni gaya miki ba.

Na shirya tsohuwar motata. Na samo kwali na huhhuda shi don iska, na shimfiɗa buhu a ciki. A ƙasa zan aje shi, tsakanin kujerar gaba da ta baya, in tokare da tabarma don kada ya zame in na taka birki. Ba zan sa shi baya wurin kaya ba, can zafi ke kashe su. Asabar zan tafi in Allah ya kai mu.

Ki gaida Dela. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Zakiru

Dakoro, 10 ga Nuwamba

Zuwa ga Ta-Inna,

Ina gaishe ki, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki da duk mutanen gidan. Yaya shirin tafiya? Ban ji amsarki ba, ban kuma sa rai da wuri ba. Ni dai ƙugu na ɗan ciwo saboda hanya, ban da wannan lafiya lau. Kwikwiyo ya iso gida, amma sai da na sha kunya.

Na fita bayan sallar asuba, na isa rugar rana ba ta yi nisa ba. Aka gaisa, aka kawo nono. Ban ma zaɓa ba, wani ja mai farar ƙafa ɗaya ne ya zo ya zauna kan takalmina, kamarsa ɗaya da kwikwiyarki ta Mai Yara. Aisata matar Samba ta hana a ba shi nono, don kada ya yi amai a mota. Sannan ta tuna mini yadda ake yi: a jira shanu su tafi rijiya, uwar ta bi su, a ɗauki ɗan ba ta gani ba. Kafin ta tafi kuma a goga tsumma a cikinta, a sa masa a kwali, ya riƙa jin ƙanshinta ya yi shiru a hanya.

Kin san ni. Shekara talatin ina koya wa mutane wannan, yau mace na koya mini. Na dubi rana na ga tana hawa, shanu ba su da niyyar tashi, karyar kuma na kwance ƙarƙashin amalanke ido rufe. Na ce barci take. Samba ya shiga garke, Aisata ta shiga bukka neman tsumman, ni kuwa likita na ɗauki kwikwiyo na sa a kwali, na ɗaga musu hannu daga nesa na tada mota.

Ina tafiya a hankali saboda rairayi, shi kuma yana ta kuka a bayana. Na yi wajen kilomita huɗu kafin in dubi madubi. Tana nan. Harshe waje, nonuwa na kaɗawa, tana bin sawun taya. In na shiga kwari ta ɓace, in na hau tudu ta bayyana. Na ce bari in ƙara wuta, za ta gaji ta koma, haka suke yi. Ƙafata ta ƙi takawa.

Na tsaya ƙarƙashin wata aduwa na buɗe ƙofar baya. Ba ta ko dube ni ba. Ta sa kai cikin kwalin tana lasarsa tana haki, ƙafafunta duk ƙarangiya, ɗaya na jini. Na zuba mata ruwa a ƙwarya, ba ta sha ba sai da ta gama shinshina shi tun daga kai har wutsiya. Na zauna a rairayi ina cire mata ƙaya. Ɗiyata, a nan hawaye ya zo mini, ba kowa a wurin sai ni da karnuka biyu.

Ta ƙi shiga mota, shi ya sa na juya da ƙofa a buɗe, ina tafiyar da ba ta fi ta jaki ba, tana gefe kanta na daidai kwalin, har ruga. Samba ya yi dariya har ya riƙe ciki. Aisata ba ta yi dariya ba, wannan ya fi zagi zafi. Na kwana can.

Washegari aka yi yadda ake yi. Aka goga tsumma, shanu suka tashi, ta bi su tana ɗingishi, aka miƙo mini ɗan. Hanya lafiya lau. Ya cusa hanci cikin tsumman ya yi barci, sau biyu kawai na tsaya a inuwa na ba shi ruwa. Da muna sallama Aisata ta ce kada in damu, kwana uku uwar za ta yi tana nema ta manta. Ni ma haka nake gaya wa mutane da. Amma tun daga rugar har Dakoro ba maganar karya nake ba a zuciyata.

Haka muka yi miki. Ranar da aka yaye ki, Inna ta zo daga Mai Yara ɗaukarki, don 'yar fari ta kaka ce, haka aka yi wa kowa. Aka aiki mahaifiyarki rijiya da tulu, alhali randa cike take. Ni na riƙe ki har tasha na miƙa ki ta tagar mota. Da ta dawo ta sauke tulun, ta dubi tabarmar da kike kwanciya, ta ɗauki tsintsiya ta kama shara. Mata suka yi ta yabonta, wai yarinya mai kunya. Ba ta bi mota ba, ni ma ban bi ba. Daga ranar kika zama Ta-Inna a bakinmu, sunanki na yanka kuwa ba ni ba ita, ba wanda ya taɓa faɗa.

Dela ta ce kin gaya mata ke baƙuwa ce a gidan nan, ƙannenki ne 'ya'ya. To ga abin da ba ki sani ba. Ɗan zanen da ake goya ki da shi, mai ratsin shuɗi, ba a tafi da shi Mai Yara ba. An neme shi ranar an rasa. Ƙarƙashin matashin mahaifiyarki yake, ya shekara a can, in na shigo sai ta yi kamar gyaran shimfiɗa take, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Bayan rasuwarta na same shi a ƙasan akwatinta, a naɗe, ba a taɓa wanke shi ba. Ba kwana uku ta yi ba. Shekara ashirin da biyar ta yi tana nema, kunya ta hana ta faɗa.

Ina kewarki. Na rubuta, ga shi nan, ban goge ba. In na ji mota ta tsaya a layinmu sai in leƙa, ko da na san ta gidan Mamani ce.

Kwikwiyon na nan kusa da turken tumaki, ya cinye mini bakin takalmi ɗaya. Ban sa masa suna ba, naki ne.

Ki huta lafiya. Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Zakiru

Dakoro, 22 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Yaya haɗa kaya? Ki tafi da rigar sanyi, an ce iskar bakin teku ba ta da kirki. Mu nan lafiya, mai farar ƙafa ya fara yi wa Mamani haushi, na ji daɗin wannan ƙwarai.

Jiya Dela ta kira ni. Ta ce kin karanta takardun biyu, kin shiga ɗaki kin daɗe, da kika fito ba ki ce a gaya mini komai ba. Abu ɗaya kika faɗa, kuma kin faɗe shi sau biyu a gabanta: motarku ta Yamai, zangon farko na hanyar Dakar, ranar Alhamis ashirin da bakwai za ta tashi, tana tsayawa Maradi kamar rabin awa. Dela ta ce wataƙila zance ne kawai. Ni tsoho ne, na ɗauke shi saƙo.

Zan zo. Na kai motar an duba mata ƙafafu da birki. Na samo kwali babba, don wancan ya yi wa kwikwiyon kaɗan, zan tsaya Kornaka in ba shi ruwa ya miƙe ƙafa. Shi zai jira a inuwa wajen tasha, kada mu ba mutane tsoro. Zanen mai ratsin shuɗi yana cikin jakata tun yau, don kada in manta.

Ban ce ki fasa tafiya ba, ban ma ce sai kin sauko ba. In ba ki so, ki zauna kujerarki, ki dai zaɓi ta bakin taga. Za ki ga wani tsoho da farar hula a tsaye. Wannan karon ba tunkiyar da zan ɗaure.

Akwai abin da nake koya kwana goma ke nan. Nakan shiga mota in rufe ƙofa, kwikwiyo na kwali yana kallona, in faɗe shi a hankali. Ranar farko bai fito ba. Yanzu yana fitowa. Ranar Alhamis zan faɗe shi da ƙarfi a tsakiyar tasha, duk wanda zai ce tsohon nan ba shi da kunya ya ce. Na ga wadda ba ta da kunya a hanyar Korahane, ta fi ni gaskiya.

In kin ji an kira kada ki waiwaya neman wani, ni ne.

Ramla. Ramla, ɗiyata ta fari.

Sai mun haɗu, in Allah ya yarda.

Mahaifinki,
Zakiru