Kada Ka Dandaƙe Bunsurun Mama

Sakkwato, Mayu 1974

Yaya Andrawus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina Martha da yara? Ƙafar Baba ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, sai gajiya. Kullum muna yawon allurar dabbobi ƙauye-ƙauye, inda fari ya bar abin yi wa allurar. Zazzaɓin da na yi ba wani abu ba ne, kada ka gaya wa Baba.

Na ji ka sayo dogon jan bunsuru a Kafanchan, har kana shirin dandaƙe baƙin gajeren da marigayiya Mama ta bari. Don Allah ka dakata. Jajayen nan irin na nan Sakkwato ne, a cikinsu nake wuni, ba su saba da ruwa mai yawa ba. Daminarmu ta Manchok da ƙudan tsando sukan kayar da su, namu gajerun kuwa ko a jikinsu. Ka riƙe duka biyun. In ka dandaƙe shi, irinsa ya ƙare a gidanmu ke nan.

An sake ɗaga hutuna sai Kirsimeti. A aiko mini da citta kaɗan. Ubangiji ya kiyaye ku.

Na gaji da ganin turke babu dabba, Yaya. Kada in dawo in tarar da na Mama haka.

Ƙanenka,
Zamani