Ƙurar Dalma a Ɗakin Matata

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'in Duba Lafiyar Ma'aikata
Daga: Mai kula da tanda ta biyu, masana'antar narkar da tsofaffin batura
Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Ɓoye mana sakamakon gwajin jini, da tura mu gida da kayan aiki masu ƙurar dalma

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Shekarata goma sha ɗaya ina narkar da dalma. Iyakar kariyar da ake ba mu ita ce gwangwanin madara kowace safiya, wai tana wanke jini. Mun yarda, muna sha, har muna tsokanar juna da sunan jarirai.

2. Ranar 3 ga Maris aka ɗebi jininmu, mu ashirin da biyu. Sau huɗu ina neman sakamakon, manaja yana cewa yana hanya. Ranar 20 ga Afrilu abokin aikina Dogo ya faɗi a gaban tanda, yana murƙususun ciwon ciki. Tun ranar ba a bar shi ya sake shigowa ba, mu kuma ba wanda ya ce mana uffan.

3. Ranar 28 ga Mayu na kai kaina asibiti. Likita ya ga baƙin layi a dasashina, ya gwada jinina, ya ce dalma na cin ƙwayoyinsa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma madara ba ta tsinana komai. Daga nan ya tambayi wanda ke wanke mini kayan aiki. Ya ce ƙurar dalmar da ke jikin kayan na cutar da mai wankin, balle mai ciki.

4. Tun da injin wankin masana'anta ya lalace shekara biyu da suka wuce, aka umarce mu da mu riƙa wanko kayan a gida. Matata ce ke kakkaɓe nawa a cikin ɗaki, ta wanke da hannu. Ɓari biyu ta yi a tsakanin nan. Yanzu cikinta wata bakwai, ni kuwa tsoro ya hana ni sakat.

Saboda haka ina roƙon ofishinka ya sa a fito mana da sakamakonmu, a gyara injin, a binciki halin da Dogo ke ciki. Mafi gaggawa, a gwada matata kafin ta haihu. Har yau na kasa faɗa mata. Na dai ƙwace wankin daga hannunta, tana ta yi mini dariya, wai tsufa ya fara koya mini tausayi.

Ina jiran taimakonka cikin girmamawa da ƙanƙan da kai.

Naka mai biyayya,
Mai kula da tanda ta biyu