Kaza Ɗaya Ta Rage a Unguwa

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zafin Arlit? Yaya maigida da yara? Mu nan Karofane lafiya lau, sai ɗawainiyar koyarwa a lakkol.

Yaya, zancen kajin Inna ne. Tun da aka hana shigo da kajin ƙanƙara a Najeriya, ƴan kasuwar can suka juyo kanmu. Duk ranar kasuwar Buza sai sun cika manyan motocin kamiyo da kaji masu rai. Farashi ya yi daɗi, mata suka kwashe akurki kaf. Na ce wa Inna ta bar ko biyu, ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami, ta ce, "Mushe, kiwonka na kan allo ne. Kaza ta taɓa ƙarewa a duniya?"

Ga damina ta sauka, zabinta na ta zuba ƙwai, babu kazar da za ta kwanta musu. Kin san zabuwa ba ta zaman kwanci. Kaza ɗaya ta rage a unguwa, wadda ɗalibaina ke kiwo a bayan aji, kuma sun riga sun sa mata nasu ƙwan. Jiya Inna ta kawo nata cikin ƙwarya, ta ajiye a gabana. Na kasa ɗebe na yaran. Na ce ta jira a ƙyanƙyashe, alhali na san kafin nan nata sun lalace.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa da kowa. In kin samu mai zuwa, ki aiko mata da magana mai sanyi, don yau ba ta amsa gaisuwata ba.

Ƙanenki,
Yusufu